Ɗanƙwairo Bai Bar Muku Gadin Ƙofa Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta kama manyanmu da 'yan bokonmu a wannan yanki, daga Talata Mafara zuwa Bakura, daga Maradun zuwa Ƙaya, kuma lokaci ya yi da za a faɗa musu ita ido da ido. Da zarar an ambaci sunan mawaƙin zamani a majalisa, ko wayar wani yaro ta saki muryar Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa, sai a yatsine fuska, wani ya ja tsaki ya ce, "Wanga ba mawaƙi na ba. Waƙa ta mutu tun ran da anka rufe Ɗanƙwairo." Sauran su gyaɗa kai a ci gaba da hira. Ba mai tambayar mai maganar ko ya taɓa zama ya saurari waƙa ɗaya ta yaron daga farko har ƙarshe. An yanke hukunci ba a ji shaida ba.

Da ku nake, iyayena da yayyena, ku da kuke jin kun fi kowa kunnen waƙa a ƙasar nan. Kuna kiran abin da kuke yi kishin al'ada. Ni raini nake gani, rainin da ko wahalar sauraro bai ɗauka ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da sunan Makaɗa Musa Ɗanƙwairo kuke yin sa. Duk yaron da ya buɗe baki zai rera wani abu, sai ku jefo masa sunan wannan bawan Allah don ya yi shiru. Ɗanƙwairo waƙoƙi ya bar mana. Bai bar wa kowa wasiyyar ya tsaya a bakin ƙofa yana korar 'ya'yan mutane ba.

Kada wani ya ce ban san girman mutanen da ake magana a kansu ba. A Bakura aka haifi Ɗanƙwairo a 1909, a gidan kiɗa ya buɗe ido. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Ƙaya ne. Ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya yi a bayan yayansa Kurna yana Daudun kiɗa, ya yi waƙoƙin noma, kafin ya ja nasa ayarin ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, har Allah Ya karɓi ransa a 1991. Faru, garin Sa'idu Malamin Waƙa, tana nan cikin ƙasar Maradun, kuma ubangidansa Muhammadu Macciɗo a Talata Mafara ya yi zamansa na Sarkin Kudu tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ka matsa gaba kaɗan ka tarar da Kassu a ƙasar Zurmi, Sani Sabulu a Kanoma, Ibrahim Narambaɗa a Tubali ta ƙasar Isa. Muna da abin alfahari, ba mai ja.

Wanda ya taɓa ganin ayarin kotso yana aiki ya san ba wasan yara ba ne. Kowane mutum da kotsonsa rataye a kafaɗa, ya matse shi a hammata, yatsu na dukan fatar da aka shafa wa nake. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, kafin ya kai ƙarshen magana sai ya sake ta, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani ya yi ƙari, a dawo kan gindin waƙa a tare ba wanda ya riga wani, sanƙira na gefe yana kirari yana fayyace wa jama'a wanda ake nufi. Babu takarda a hannun kowa. Baƙo ya shigo fada ana tsakar waƙa, jagora ya hango shi, nan take zai saƙa sunansa da na kakanninsa a ciki. Wannan gwaninta ce ta shekara da shekaru, kuma duk wanda ya ce yaron sutudiyo zai tashi gobe ya yi ta, ƙarya yake. Amma yarda da cewa wannan gwaninta ce daban, cewa babu wata gwaninta sai ita kuma daban. Ku kun haɗe biyun kun mai da su ɗaya.

Ƙorafinku na farko wai muryar mawaƙan zamani ta yi laushi, wai "muryar mata". To ku koma ku kunna Ɗanƙwairon da kuke kafa hujja da shi, ku saurara da kyau. Siririyar murya ce, mai kaifi, mai zaƙi, tana hawa sama ta bar 'yan amshi a ƙasa. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ce laƙabin ma gadonsa ya yi daga wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya, da aka ji ta Musa ta yi kama da tasa. Ke nan tun bai iya ƙulla azanci ba, tun bai san fada ba, abin da aka fara shaidarsa da shi zaƙin murya ne. Baiwar da kuka yaba a wurinsa ita ce kuke kushewa a wurin Hamisu Breaker. Ina adalci a nan?

Sai ku ce ai kayan kiɗansu na Bature ne, fiyano da kwamfuta. Kuntigin Ɗanmaraya Jos da me aka yi shi? Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya, kuma ba maƙeranmu ne ke ƙera gwangwanin kifi ba. Kakakin da ake busa wa sarakuna, wanda yau ba abin da ya kai shi nuna sarauta, tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa ya shigo da su a ƙarni na 15. Kafin nan baƙo ne. Bahaushe bai saba tambayar kayan kiɗa asalinsa ba, abin da yake dubawa shi ne ko zai ɗauki maganar Hausa. Ita kanta fadar da ta ɗaukaka su Ɗanƙwairo ta riga ku wuce wannan wurin. A 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa, kuma da fiyano ake yi wa Naziru kiɗa. Fada ta karɓa, ku kun ƙi.

Abin da ya kamata ya sa ku jin nauyi shi ne labarin Mamman Shata, don kusan duk kalmar da kuke jifan yaran nan da ita an jefe shi da ita. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a wurinsa roƙo ne, gidansu kuwa ba gidan roƙo ba ne. Da asauwara ya fara, wasan samari da 'yan mata a dandali da kasuwannin ƙauye a wajen Musawa. Kalangun da ake buga masa ba ya cikin kayan fada. Tambari da kotso da taushi su ne na sarakuna, kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan mata da 'yan dambe. Ya yi wa direbobi waƙa, ya yi wa mashaya, ya yi wa mata masu zaman kansu. Dattawan zamaninsa da yawa ba su ɗauke shi sa'an Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ba, ɗan duniya suka ɗauke shi mai tara 'yan duniya. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Yau idan aka ce a lissafa manya da shi kuke farawa. Da a ce masu irin ra'ayinku ne suka riƙe ƙofa a shekarun 1950, da Shata yana waje har ya rasu a 1999.

Haka Barmani Choge da ƙwaryarta a gidajen suna da biki, haka Garba Supa da Hassan Wayam da kukumarsu a filin rawa. Wayam ɗin nan ɗan ƙasar Maradun ne da ya tare a Zariya, kuma a lokacin da yake tashe ba kowane dattijo ke yarda a gan shi a wurin wasansa ba. Yanzu duk sun zama "na da", an wanke su, an sa su a sahun gaba. Waƙoƙinsu suna nan yadda suke. Samarin da suka yi rawa da su ne suka yi furfura.

Amma na san inda ainihin ƙin yake. Soyayya ce ba ku so ku ji an ambata. A wurinku idan mutum ya tsaya gaban basarake ya ce shi giwa ne, shi zaki ne, ya lissafo kakanninsa, ya yi wa ɗan'uwansa mai neman sarautar zambo da habaici, wannan waƙar manya ce. Idan kuwa ya ce yana son mace, yana kewarta, rabuwa da ita ta hana shi barci, wannan shirme ne. Wa ya ce muku yabon mai mulki ya fi ƙaunar miji da mata daraja? Mutum nawa ne a Ƙaya za a naɗa wa rawani a rayuwarsu, mutum nawa ne kuma za su so wani, su yi aure, su rabu, su yi kewa? Haruna Uji na Haɗejiya da gurminsa, soyayya ce ta fitar da sunansa, kuma ba ku kore shi ba.

Tun kafin a yi fim ɗin Hausa ko ɗaya akwai wannan laushin a waƙarmu. Yana cikin waƙar gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali da farin wata, yana cikin waƙar niƙa da ta daka, da wadda uwa ke yi wa jaririn da ke bayanta, da wadda ƙawaye ke yi wa amarya tana kuka ranar kai ta. Ba a naɗa wa masu yin waɗannan rawani ba, ba a riƙe sunayensu ba, saboda mata ne. Waƙar da kuke kira nanaye daga wannan gidan ta fito. Kuma har yau mata ne suka fi riƙe ta: amarya a ɗakinta, uwargida a bakin murhu da waya a gefen tabarma, budurwa mai talla. Lokacin da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta fito a 2020, ana zaman kullen korona, matan aure ne suka ɗauke ta suka kai ta ko'ina. Idan kuka ce duk abin da ɗimbin matan nan suke so ba waƙa ba ne, to rainin bai tsaya kan mawaƙa ba, ya kai har kan iyayenku mata da matanku da 'ya'yanku. Idan haka kuke nufi ku faɗa a fili. A ƙasar da ake kwanan zullumi saboda 'yan bindiga, inda gona ta gagara, inda ake ɗaura aure a gaggauce a watse kafin magariba, waƙar da ta sa amarya da ƙawayenta suka saki fuska na ɗan lokaci ta yi aiki. Ban yarda a ce ba ta yi komai ba.

Zancen satar karin Indiya gaskiya ne, ba zan kare shi ba. An yi shi, musamman a farkon waƙoƙin fim, a ɗauko kari sukutum a ɗora masa Hausa. Sai dai ku sani ba yaran fiyano ne suka fara ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fage, ya nuna cewa Abdu Yaron Goge da Ali Makaho sun ari karin waƙoƙin finafinan Indiya tun zamanin silima, kuma da kayan kiɗanmu na gargajiya suka yi. Su ma cikin na da kuke lissafa su. Laifi ɗaya ne, kun yi masa hukunci biyu.

Ba cewa nake duk wanda ya shiga sutudiyo gwani ne ba. Shara ta yi yawa, kuma tana damuna ƙwarai. Yaro ya zo da baiti huɗu a wayarsa, makiɗi ya danna kiɗan da ya riga ya sayar wa wasu, a shigar da shi ɗan ƙaramin ɗaki a maƙala masa abin sauraro a kunne, ya rera a karkace, na'ura ta miƙe masa murya, a kira yarinya ta ɗora nata daban ba su ma haɗu ba, kafin la'asar an kai wa masu tura waƙa a kasuwa. Kalmomin ba su wuce zuciya da ƙauna da hawaye da masoyiya ba, an jera su don ƙafiya kawai, Hausar ta karye an bar ta a karye. Akwai masu batsa, akwai waɗanda suka ba da bakinsu haya ga duk ɗan siyasar da ya biya. Wannan duka a faɗe shi, a tsawata.

Amma cikin wannan taron akwai waɗanda ba haka suke ba, kuma mai kunne ya san su. Ku ɗauki waƙoƙin Nura M. Inuwa ku cire kiɗan ku dubi kalmomin kawai, ku ga yadda yake jan magana, yadda yake ajiye karin magana a inda ta dace, yadda yake bin labari baiti bayan baiti har ya kai inda ya nufa. Ku ɗauki Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, wanda ɗaliban jami'a suka daɗe suna rubuta kundin digiri a kan waƙoƙinsa. Ku saurari Fati Nijar, 'yar Maraɗi, ku ji yadda take riƙe numfashi da yadda take fitar da kowane harafi. Ba sai kun so su ba. Amma wanda ya ji waɗannan ya ce daidai suke da yaron baiti huɗu, to ba shi da kunnen da yake taƙama da shi, kuma ina shakkar ko Narambaɗan ma yana jin abin da ke cikinsa.

Kun manta kuma cewa zamanin Ɗanƙwairo ma cike yake da shara. Kowane hakimi da makaɗinsa, kowane dagaci da maroƙinsa, kowace kasuwa da masu kalangunta, kowace gayya da mai gangarta. Ina suke? Ku kawo sunan mutum ashirin cikin makaɗan da suka yi zamani da Kurna a ƙasar Maradun. Ba za ku iya ba, don lokaci ya tankaɗe su. Abin da kuke yi shi ne ku ɗebo garin da aka daɗe da tankaɗewa, ku ajiye shi kusa da hatsin da ko surfe ba a yi masa ba, ku ce a dubi bambanci. Wannan ba awo ba ne. Ku gwada gwanin jiya da gwanin yau, ko sharar yau da sharar jiya.

Ba mu kaɗai ke wannan gardamar ba. A birnin Cleveland na Amurka akwai gidan karrama gwanayen kiɗan rok, Rock and Roll Hall of Fame, wanda ya fara shigar da mutane a 1986. Su ma suna da masu cewa sai mai kaɗa jita da ƙarfi yana ɗaga murya ne ya cancanta, masu tattausar murya da waƙar soyayya su nemi wani gidan. Duk da haka an shigar da Whitney Houston a 2020, shekara takwas bayan rasuwarta, an shigar da Lionel Richie a 2022. A shekarar ce Dolly Parton da kanta ta roƙi a cire sunanta daga takara don tana ganin ba ta cancanta ba, aka bar sunan, aka kuma zaɓe ta. Har yau ana ce-ce-ku-ce a kai. Ba don mu kwaikwayi Amurka na kawo wannan ba. Ƙa'idarsu ɗaya ce ta burge ni: ba a duba mawaƙi sai ya cika shekara 25 da fitar da faifansa na farko. A jira a ga wanda zai daɗe.

To mu auna da wannan. Fim ɗin "Sangaya" ya fito a 1999, shekarar da Shata ya rasu. Waƙoƙin wancan zubin, na su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙassim, da waɗanda suka biyo su irin Maryam Sangandale da Sadi Sidi Sharifai, sun kai waɗannan shekaru ko sun kusa. 'Yan matan da aka kai ɗakin miji da su yanzu suna aurar da 'ya'ya, kuma idan aka kunna su a wurin biki har yau sai ka ga manyan mata sun miƙe suna bi baiti-baiti. Kun ce waƙar kwana biyu ce. Ga shi ta ga jikoki, ku ba ku canja magana ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi zafi. Ku da kuke rantsuwa da Ɗanƙwairo, me kuka yi masa? Tun da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996, wannan yanki namu ya ba da gwamnoni uku: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan mulkin jiha ya yi a hannun 'ya'yan yankin da ya haifi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Ga jami'ar jiha a Talata Mafara, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga masarautu uku, ga attajirai. Ba mu rasa manya ba, ba mu rasa kuɗi ba. Amma ɗalibin da ke son ya ji Ɗanƙwairo yau ina yake zuwa? Wayarsa yake buɗewa ya shiga YouTube, ko ya je rumfar masu cajin waya ran kasuwa a tura masa. Waɗanda suka kwashe waƙoƙin nan daga tsofaffin kaset suka zuba a intanet, da yawansu samarin nan ne da kuke cewa sun lalace, kuma a waya ɗaya suke ajiye Ɗanƙwairo da Breaker ba tare da sun ga wani saɓani ba. Wahalar rubutawa kuwa irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ne suka sha ta, suka bi makaɗa, suka rubuta tarihinsu da matanin waƙoƙinsu. Ku nawa ne kuka sayi littafinsa? Nawa ne kuka taɓa tambayar halin da iyalan 'yan amshin Ɗanƙwairo ke ciki, ko kuka kira masu kotson da suka rage kuka biya su kuɗin kirki a bikin 'ya'yanku? DJ kuke ɗaukowa don ya fi araha. Sannan ku koma majalisa ku ce yara sun kashe al'ada.

Rainin nan ba a banza yake tafiya ba, akwai abin da yake ci mana. Ɗanƙwairo yana da uba da yaya da suka ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce. Yaron Mafara ko Bakura da Allah Ya ba murya yau, wa zai gyara masa? Idan ya kawo waƙarsa wurin dattijon da ya haddace waƙar Bakandamiya, tsaki zai samu. Sai ya ɓoye, ko ya tattara ya tafi Kano ko Kaduna, inda abin da za a fara tambayarsa shi ne ko za ta yi kasuwa. Can zai zubar da Zamfarcinsa ma don kada a yi masa dariya, alhali da Hausar wannan ƙasa Narambaɗa da Faru suka gagari kowa. Ku ne kuke da abin da yaran nan suka rasa. Kun san zambo, kun san habaici, kun san yadda ake ɗaure gindin waƙa ya zauna a kan mutum har tsufansa. Kun riƙe kun hana, sannan kuna kukan waƙarsu ba ta da gishiri. Wani kaso mai yawa na sharar da kuke ƙorafi a kai, shirunku da tsakinku ne suka haife shi.

Hukuncina a fili yake. Ba na cewa a ɗora wani mawaƙin fiyano a kan Narambaɗa ko Ɗanƙwairo. Har yanzu ban ji wanda ya kai su ba. Amma zauren manya ba na mutum biyu ba ne. Yadda ya ɗauki kotso da kalangu, ya ɗauki kuntigi da gurmi da ƙwarya, haka zai ɗauki fiyano. Ma'auni ɗaya za a sa wa kowa. A duba ko Hausarsa ta tsaya, ko yana da azancin kansa, ko zai iya rerawa a gaban jama'a ba tare da na'ura ta tallafe shi ba, ko kuma ana neman waƙarsa bayan kasuwarta ta tashi. Wanda ya haye ya shiga, ko soyayya yake waƙa ko sarauta, namiji ne ko mace. A wurina Alan Waƙa ya riga ya haye, Nura M. Inuwa da Fati Nijar sun kusa, su Shareef da Breaker a ba su lokacinsu.

Ina kira ga masarautun Maradun da Bakura da Talata Mafara, da jami'ar da ke Mafara, su haɗa hannu su ware ɗaki, a tattara duk abin da ya rage na Ɗanƙwairo da Kurna da Faru da Wayam, a kuma bar wuri a ɗakin don na bayansu. A fara da ɗaukar muryar mutanen da suka zauna da su. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, kuma duk wanda ya rage cikin waɗanda suka yi masa amshi tsoho ne yanzu.